Daga kufai zuwa kofin Afirka: Tarihin Enugu Rangers

Tun da aka soma gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa a Najeriya a shekarar 1972, manyan ƙungiyoyi da dama sun hau sun kuma sauka. Mighty Jets ta Jos, wadda ta ɗauki kofin farko, ta daɗe da barin babban rukuni. Raccah Rovers ta Kano da ta zama zakara a 1978 sai dai a ba da labarinta. Shooting Stars ta Ibadan da Bendel Insurance ta Benin da Enyimba ta Aba, har ma da Kano Pillars, babu wadda ba ta taɓa ɗanɗana ɗacin faɗawa rukuni na biyu ba. A cikin waɗanda aka fara tafiyar da su, ƙungiya ɗaya ce kawai ba ta taɓa sauka ba ko da na kakar wasa guda, ita ce Rangers International ta Enugu.

Da kofin da ta ci a 2024, Rangers ta cika kofin gasar ƙasa sau takwas, ga kofin ƙalubale sau shida, ga kuma kofin nahiyar Afirka guda ɗaya. Sai dai lissafin kofuna ba ya bayyana dalilin da ya sa dattijon da ke Aba ko Onitsha, wanda jiharsa ke da tata ƙungiyar, yake ci gaba da kiran Rangers tasa. Wanda zai fahimci haka, dole ya koma watan Janairun 1970.

Haihuwa a bayan yaƙi

Yaƙin basasar Najeriya ya ɓarke a watan Yulin 1967, ya ƙare ranar 15 ga Janairun 1970. Enugu, wadda ta kasance hedikwatar Biyafara ta farko, ta faɗa hannun sojojin tarayya tun a watan Oktoban 1967, mazaunanta kuma suka watse cikin ƙauyuka. Da suka dawo, sun tarar da gidaje a rushe, makarantu a rufe, kasuwanni babu kaya. Kuɗin Biyafara ya zama takarda, waɗanda suka miƙa shi kuma fam 20 aka ba kowa, komai yawan abin da ya kawo. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta shelanta cewa babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci, ta kuma yi alƙawarin sulhu da sake gini da farfaɗo da jama'a. Amma shela daban, abin da ke zuciyar wanda ya rasa 'ya'ya da dukiya daban.

A cikin wannan yanayi ne, makonni kaɗan da ajiye makamai, Jerry Enyeazu da wasu abokan aikinsa a harkar wasanni ta Jihar Gabas ta Tsakiya suka tara samari domin kafa ƙungiyar ƙwallo. Daga cikin samarin akwai waɗanda suka fito daga fagen daga, akwai kuma waɗanda yaƙin ya katse wa karatu. Dan Anyiam, tsohon ɗan wasan Najeriya wanda yake cikin tawagar da ta kai ziyara Ingila a 1949, shi ya karɓi aikin horarwa, Godwin Achebe kuma ya zama kyaftin. Gwamnatin jihar a ƙarƙashin Ukpabi Asika ta ga amfanin abin, ta sa masa hannu.

Ba a daɗe ba aka ji amonsu. Rangers ta doke ƙungiyar Sojojin Najeriya a wasan ƙarshe na Kofin Amachree, abin da ya ba ta damar wakiltar ƙasar a gasar zakarun Afirka ta 1971. Ba sai an yi dogon bayani ba a kan abin da wannan nasara ke nufi ga mutanen da shekara ɗaya da ta wuce suke tserewa daga waɗannan kakin. A gasar Afirka ta fitar da Secteur 6 ta Yamai, kafin ASEC ta Abijan ta tare ta a zagayen ƙungiyoyi takwas. A wannan shekarar ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a Legas, inda WNDC ta Ibadan ta doke ta da ci 2-1. Samarin da suka wakilci Najeriya a Yamai da Abijan, da tutar ƙasar a gabansu, su ne waɗanda jiya-jiya ake kiran yankinsu na 'yan tawaye. Sulhun da ake faɗa a rediyo, a filin ƙwallo mutane da yawa suka fara ganinsa da ido.

Shekaru goma na mulki

Daga 1974 zuwa 1984 Rangers ta riƙe ƙwallon Najeriya riƙon da ba a ga irinsa ba kafin lokacin. Ta ci gasar ƙasa a 1974 da 1975 da 1977 da 1981 da 1982 da 1984. Kofin ƙalubale kuwa ta ɗauke shi shekara uku a jere, 1974 da 1975 da 1976, ta sake ɗauka a 1981 da 1983. A 1974 Mighty Jets ta doke a wasan ƙarshe, a 1983 kuma DIC Bees ta Kaduna ce ta ja ta har zuwa bugun fenareti. Sau uku, a 1974 da 1975 da 1981, ta haɗa kofunan biyu a kaka ɗaya.

Ƙarfin ƙungiyar a baya yake. A raga akwai Emmanuel Okala, dogo wanda tsayuwarsa kaɗai ke rage wa ɗan gaba kuzari. A gabansa akwai Christian Chukwu, wanda mai sharhin wasanni na Rediyon Najeriya, Ernest Okonkwo, ya laƙaba wa sunan Chairman saboda yadda yake tafiyar da bayan fili kamar mai shugabantar taro. Salon wasansu na ƙarfi ne da juriya da dogon bugu, ba irin taɓa-ka-ba-ni ta 'yan Ibadan ba. Laƙabin ƙungiyar Flying Antelopes, wato bareyi masu tashi sama, takenta kuma ma'anarsa ita ce ba a fid da rai sai alƙali ya busa tashi.

An ga wannan hali a gasar zakarun Afirka ta 1975. A wasan kusa da na ƙarshe Ghazl El Mahalla ta Masar ta ci Rangers 3-1 a gidanta, Rangers kuma ta rama da 3-0 a Enugu, ta zama ƙungiyar Najeriya ta farko da ta kai wasan ƙarshe na wannan gasa. A can ta ci karo da Hafia ta Konakiri, wadda a lokacin ta fi kowa a nahiyar, aka doke ta gida da waje. A 1976 ta sake kaiwa kusa da na ƙarshe, Mouloudia ta Aljeriya ta fitar da ita.

Ranar da aka kai wasa Kaduna

A 1976 IICC Shooting Stars ta Ibadan ta ci Kofin Zakarun Ƙalubale na Afirka, ta zama ƙungiyar Najeriya ta farko da ta kawo kofin nahiya gida. A shekarar da ta biyo baya ta shiga domin kare kofinta, Rangers kuma ta shiga a matsayin mai riƙe da kofin ƙalubale na ƙasa. Ƙaddara ta haɗa su a wasan kusa da na ƙarshe. A ɓangare ɗaya akwai Segun Odegbami da Muda Lawal da Best Ogedegbe, a ɗaya ɓangaren Chukwu da Okala. Shekara bakwai kacal da ƙare yaƙi, jama'a suka ɗauki wasan tamkar karo tsakanin Yarabawa da Ibo.

An tashi wasan farko a Legas babu ci. Ganin yadda rai ya ɓaci a tsakanin magoya baya, hukumomi a zamanin mulkin Janar Olusegun Obasanjo suka mayar da wasa na biyu filin Ahmadu Bello da ke Kaduna, inda babu ɓangaren da zai ce yana gida. A nan ma aka tashi babu ci, Rangers ta yi nasara a bugun fenareti. Arewa ce ta zama alƙalin rabon faɗa tsakanin Kudu da Kudu, aka kuma watse ba tare da abin da ake tsoro ya auku ba.

A wasan ƙarshe Rangers ta lallasa Canon ta Yawunde da ci 4-1 a Legas, aka yi 1-1 a Kamaru, ta ɗauki kofin na 1977. Har yau shi ne kofin nahiya ɗaya da ke ma'ajiyarta. A shekarar da ta biyo baya Canon ta rama, ta fitar da ita a wasan kusa da na ƙarshe na gasar zakarun Afirka, Bendel Insurance kuma ta ba ta mamaki da ci 3-0 a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale.

Amfanin wannan gogayya ya koma wa ƙasa baki ɗaya. 'Yan wasan da suka kusa raba Legas gida biyu a 1977 su ne suka sa riga ɗaya a 1980. Ranar 22 ga Maris na wannan shekarar Green Eagles ta doke Aljeriya da ci 3-0 a Legas, ta ci Kofin Ƙasashen Afirka karo na farko. Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya, kyaftin ɗin da ya karɓi kofin daga hannun Shugaba Shehu Shagari kuma shi ne Christian Chukwu na Rangers. Shekara goma bayan yaƙi, ɗan Enugu ne ya ɗaga kofi da sunan Najeriya. Gwamnatin Shagari ta ba 'yan wasan gidaje da motoci da lambar girmamawa ta ƙasa.

Shekara 32 babu kofi

Bayan kofin 1984 sai rijiya ta ƙafe. An haifi yara a Enugu, sun girma, sun yi aure, sun haifi nasu, ba su taɓa ganin Rangers ta ɗaga kofin gasar ƙasa ba. Dalilan suna da yawa, mafi yawansu kuma ba a cikin fili suke ba.

Na farko shi ne ƙirƙirar jihohi. A 1970 Rangers ƙungiyar Jihar Gabas ta Tsakiya ce, wato kusan duk ƙasar Ibo, kuma kowane yaro mai ƙafa a yankin burinsa ya sa rigarta. A 1976 aka raba jihar zuwa Anambra da Imo, a 1991 aka fitar da Enugu da Abia, a 1996 aka ƙara Ebonyi. Kowace sabuwar gwamnati ta so tata ƙungiyar. A 1976 aka kafa Spartans a Owerri, wadda daga baya ta zama Iwuanyanwu Nationale, yau kuma Heartland. A wannan shekarar Jerry Enyeazu, mutumin da ya kafa Rangers, ya kafa Enyimba a Aba bayan ya koma Imo a matsayin daraktan wasanni. Tafkin da Rangers ke kamun kifi ita kaɗai ya zama na masunta da yawa, aljihun da ke ciyar da ita kuma ya koma na jiha ɗaya daga cikin biyar. A ƙarshen shekarun 1980 Iwuanyanwu Nationale ce ke cin kofuna a jere, a 2003 da 2004 kuma Enyimba ta ci gasar zakarun Afirka sau biyu, kofin da ya kuɓuce wa Rangers a 1975.

Na biyu shi ne tattalin arziki. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, albashin ɗan wasa a gida ya zama abin dariya idan aka kwatanta da na ƙetare. Fitattu suka kama hanyar Kodebuwa da Beljiyam da Jamus. Austin Jay-Jay Okocha ya taka leda a Rangers yana matashi, amma kafin Enugu ta more shi ya tafi Jamus a 1990. A da, Chukwu da Okala sun yi kusan dukkan rayuwarsu ta ƙwallo a ƙungiya ɗaya. Daga baya ɗan wasa kan yi kaka ɗaya ko biyu ya ƙara gaba, sai koci ya sake gini daga tushe. Daga bisani tauraron ɗan'adam ya kawo gasar Ingila cikin gidajen kallo, samari suka koma Arsenal da Chelsea da Manchester United, filayen gida suka yi fayau.

Ba wai Rangers ba ta kusanci kofi ba a tsawon waɗannan shekaru. Ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a 1990 da 2000 da 2004 da 2007, ta sha kashi a dukkansu. A 2000 Niger Tornadoes ta Minna ce ta hana ta. A 2012 ta ƙare ta biyu a gasar ƙasa, a bayan Kano Pillars.

Abin da ya faru a 2013 kuwa, duk wanda ya taɓa riƙe fayil a ofis zai gane zafinsa. Rangers ta fitar da CS Sfaxien ta Tunisiya a wasan neman shiga rukunin Kofin Ƙalubale na Afirka. Sfaxien ta kai ƙara cewa rajistar mai tsaron ragar Rangers ba ta cika ƙa'ida ba. Hukumar ƙwallon Afirka ta duba takardu, ta kori Rangers, ta dawo da Sfaxien, wadda ta wuce har ta ci kofin a wannan shekarar. Abin da 'yan wasa suka samu da gumi, takarda ɗaya ta salwantar da shi a kan tebur.

Dawowa

A 2016 ne aka karya mugun ƙulli. Koci Imama Amapakabo, tsohon mai tsaron raga wanda yake cikin tawagar 'yan ƙasa da shekara 16 da ta ci kofin duniya a Sin a 1985, ya haɗa matasa masu kai hari. A ranar ƙarshe ta kakar, 2 ga Oktoba, filin Nnamdi Azikiwe ya cika ya batse tun kafin a take wasa. Rangers ta ci El-Kanemi Warriors ta Maiduguri 4-0, Chisom Egbuchulam ya zura uku, kofi ya dawo Enugu bayan shekara 32. Daɗin bai daɗe ba. A kakar da ta biyo baya Zamalek ta Masar ta fitar da ita daga gasar zakarun Afirka, sakamako a gida ya taɓarɓare, aka sallami Amapakabo watanni kaɗan bayan an ɗauke shi a kafaɗa, ƙungiyar kuma ta yi fama kafin ta tsira daga faɗuwar da ba ta taɓa yi ba.

Magoya bayan Kano Pillars ba sa son a tuna musu da Oktoban 2018. A wasan ƙarshe na Kofin Aiteo, wato tsohon kofin ƙalubale, a filin Stephen Keshi da ke Asaba, Sai Masu Gida sun shiga gaba da ci 3-0, Rabi'u Ali ne ya buɗe hanya. Saura ƙasa da minti 15 a tashi Rangers ta fara ramawa. Ta ci ɗaya, ta ci na biyu, Ajani Ibrahim kuma ya farke na uku da ka a cikin ƙarin lokaci. A bugun fenareti Rangers ta ci 4-2, ta ɗauki kofin karo na farko tun 1983, a ƙarƙashin koci Gbenga Ogunbote. Hausawa na cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, Pillars ta koyi wannan a Asaba. Ta share hawayenta a shekarar da ta biyo baya, lokacin da ta ci kofin a Kaduna.

A kakar 2023 zuwa 2024, ƙarƙashin koci Fidelis Ilechukwu, Rangers ta ci gasar ƙasa karo na takwas, ta tabbatar da kofin da nasarar 2-0 a kan tsohuwar abokiyar hamayyarta Bendel Insurance. Amma da ta fita Afirka, sai tsohon ciwo ya motsa. Filinta na Enugu bai cika sharuɗɗan hukumar ƙwallon Afirka ba, dole ta karɓi baƙinta a Uyo, Sagrada Esperança ta Angola kuma ta fitar da ita kafin matakin rukuni.

Bashin da ke kan hukuma

Rangers mallakar gwamnatin Jihar Enugu ce, kamar yadda mafi yawan ƙungiyoyin babbar gasar Najeriya suke a hannun gwamnatocin jihohi. Wannan ne ya raya ta a 1970, lokacin da babu ɗan kasuwar da ke da abin da zai ciyar da ƙungiya, shi ne kuma ya riƙe ta a shekarun fari. Amma ƙungiyar da ke jiran kaso daga kasafin kuɗi, lafiyarta tana bin ra'ayin wanda ke kan kujera. In gwamna mai son ƙwallo ne a sha daɗi, in ba haka ba a jira fayil ya fito daga ma'aikatar kuɗi. Shugabannin ƙungiya sukan canza da canjin gwamnati, tsarin da aka faro ya tsaya a rabi. Nasarar Remo Stars ta Ikenne, ƙungiya mai zaman kanta da ta gina filinta da makarantar horar da yara, wadda ta ci gasar ƙasa a 2025, ta nuna cewa akwai wata hanyar. Rangers tana da abin da kuɗi ba ya saye, wato magoya baya a kowace kasuwa da ɗan kasuwar Ibo ya buɗe shago, daga Alaba a Legas zuwa Sabon Gari a Kano zuwa Wuse a Abuja. Har yanzu ba a mayar da wannan soyayya hannun jari ko rajistar mambobi da za ta rage dogaro da baitulmali ba.

Akwai kuma batun waɗanda suka gina sunan. Christian Chukwu, bayan ya ajiye takalmi, ya horar da Rangers, ya horar da tawagar Kenya, ya kuma jagoranci Super Eagles zuwa matsayi na uku a Kofin Afirka na 2004 a Tunisiya. Da rashin lafiya ta kama shi a 2019, sai da aka yi kira ga jama'a, attajiri Femi Otedola ya ba da dala 50,000 aka kai shi asibiti a Landan. Ya rasu ranar 12 ga Afrilun 2025 yana da shekara 74. Idan kyaftin ɗin 1980 ya kai ga neman taimako a bainar jama'a, ana iya kwatanta halin takwarorinsa da ba su yi suna kamarsa ba. Ma'aikacin gwamnati da ya yi shekara 35 yana da fansho, ko da yana zuwa a makare. Ɗan wasan da ya yi wa ƙungiyar gwamnati hidima har gwiwarsa ta lalace, galibi abin da ya rage masa shi ne hoto a bango da alƙawarin da aka yi ranar biki.

Waɗanda suka fara sa rigar Rangers a 1970 suna ta raguwa. Aikin da suka yi wa haɗin kan Najeriya a Yamai da Kaduna da Legas ya fi kuɗin da aka taɓa kashewa a kansu, kuma waɗanda suka rage a raye tsofaffi ne masu bukatar magani yau.